Ɗakunan kwana biyu, farar waya ɗaya: dalilin da birekar AFCI ke faɗuwa da yadda ake gyarawa

“Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, na sayi gidan da aka gina a shekarun 1980. Na karɓi takardar izini don in ƙara soket biyu a ɗakin yara, sai sufeton wuta ya ce ba zai sa hannu ba sai layin ya samu kariyar AFCI, wato na'urar da ke yanke wuta in ta gano tartsatsi a waya. Na sayo bireka biyu na AFCI masu amfiya 15, ɗaya ta ɗakin yara, ɗaya ta ɗakinmu. Da na buɗe akwatin bireka sai na tarar kebul ɗaya ne ke ciyar da ɗakunan biyu: baƙar waya, jar waya, farar waya guda ɗaya, da tsirarar waya ta ƙasa. Na ɗaura farar a kan birekar ɗakin yara. Fitilar ɗakin yara tana kamawa lafiya, amma da an kunna ko ƙwai ɗaya a ɗakinmu sai su faɗi duka biyu. Na mayar shago an canza mini, bai canza zani ba. Birekar ce ba ta da kyau ko wayarin gidan ne? Kuma zan iya mayar da tsofaffin in huta?”

Wa alaikumus salam, Malam. Birekokin da ka sayo lafiyarsu ƙalau, na farko da na biyu, kuma mai yiwuwa wayarin gidan ma ba shi da laifi. Abin da ke gabanka shi ne layi biyu masu tarayya a nutural ɗaya, wato farar wayar nan da wuta ke dawowa ta cikinta, ka kuma sa musu irin birekar da aka ƙera don layi mai nutural nasa shi kaɗai. Bayanin da ka yi, cewa ɗakin yara yana kamawa amma ɗakinku yana kayar da su biyun, shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, zan kuma nuna maka dalili. Batun mayar da tsofaffin bireka kuwa, wutar za ta daina faɗuwa, amma sufeto ba zai sa hannu ba, kuma ka bar ɗakin da yara ke kwana ba tare da kariyar da aka ƙirƙiro saboda irinsa ba. Akwai gyara, ba shi da wuya, sai dai nutural na tarayya yana da nasa sharuɗɗa da suka fi batun AFCI haɗari, don haka zan ɗan daɗe a kansu.

Yadda farar waya ɗaya ke ɗaukar layi biyu

Wutar gidajen Amurka ta bambanta da wadda muka saba da ita a Najeriya ko Nijar, inda layif da nutural ke ba da bolt 230 ko kusa da haka. A Amurka taransifoma tana aiko wa gida ƙafa biyu na layif da nutural ɗaya da aka ciro daga tsakiyar naɗinta. Tsakanin kowace ƙafa da nutural akwai bolt 120, tsakanin ƙafa da ƙafa kuma bolt 240. Ƙafafun biyu kishiyoyin juna ne: lokacin da ɗaya ke turawa, ɗayar tana ja. Masu wayarin suka yi amfani da wannan, suka ja kebul ɗaya mai lamba 14/3, wato waya uku masu kaurin lamba 14 ban da ta ƙasa, baƙar waya a ƙafa ɗaya, jar a ɗaya ƙafar, farar ta yi wa duka biyun hidima. An rage tagulla, an rage huda katako, kuma ƙa'idar lantarki ta Amurka, wato NEC, ta yarda da shi a sashe na 210.4 har yau.

Sirrinsa shi ne farar wayar ba ta ɗaukar jimillar wutar ɗakunan, bambancinsu take ɗauka. Idan ɗakin yara yana jan amfiya 10, ɗakinku yana jan 7, abin da ke dawowa ta farar amfiya 3 ne kawai. Idan sun yi daidai, ba ta ɗaukar komai. Wannan lissafi yana tsayawa ne muddin baƙar da jar suna kan ƙafafu daban-daban. In aka yi kuskure aka ɗora su a ƙafa ɗaya, to 10 da 7 sun zama 17, kuma in ɗakunan sun cika lodi farar za ta ɗauki amfiya 30 alhali waya mai lamba 14 iyakarta 15. Babu bireka a kan nutural, saboda haka babu abin da zai faɗi. Za ta yi ta zafi a cikin bango, shekara da shekaru, har robarta ta koma ruwan ƙasa ta fara farfashewa. A aikin gyara wannan kuskure ya fi bayyana bayan an canza akwati, ko an matsar da bireka don a samu wuri, ko an sa siririyar bireka mai hannu biyu a gurbi ɗaya, domin hannayenta biyu yawanci ƙafa ɗaya suke sha.

Abin da AFCI ke sauraro, da dalilin faɗuwarta a gidanka

Bireka ta yau da kullum abu biyu ta sani: lodi ya yi yawa, ko wayoyi sun haɗu kai tsaye. Akwai kuma wata matsalar da ba ta gani, wato tartsatsi. Sukurun soket ya saki, ko ƙusa ta huda kebul a bango, ko ƙafar gado ta danne igiyar fitila har zaren tagullarta ya tsinke saura kaɗan. Wuta tana tsallake ɗan gibin, tana zafin da ya isa ya kunna katako ko ƙura, amma amfiyar da ke bi ba ta kai ta kayar da bireka mai 15 ba. AFCI tana da ɗan allon lantarki a ciki da ke duba siffar igiyar wutar, yana neman alamun tartsatsi. Na farko-farkonsu suna gane tartsatsin da ke tsakanin waya da waya ne kawai, daga amfiya 75 zuwa sama. Wanda ake buƙata yanzu, mai rubutun Combination a jiki, yana gane wannan, yana kuma gane tartsatsin da ke kan waya ɗaya da ta tsinke ko ta saki, daga amfiya 5. Kada wannan suna ya ruɗe ka: ba ya nufin an haɗa AFCI da GFCI, na'urar da ke kare mutum daga jan wuta. Wanda ya haɗa su biyun sunansa daban, Dual Function.

To ga inda matsalarka take. Da yawa daga birekokin AFCI, ban da sauraron tartsatsi, suna kuma auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. In bambancin ya kai wajen miliamfiya 30 sai su faɗi, domin yoyon wuta zuwa ƙasa alama ce ta robar waya da ta lalace. Shi ya sa farar wayar layi take shiga cikin birekar maimakon ta tafi kan sandar nutural kai tsaye. Yanzu bi wutar da ido. Ka kunna fitilar ɗakin yara: wuta ta fita ta birekar yara, ta dawo ta farar da ka ɗaura mata, lissafi ya cika, ta tsaya. Ka kunna ƙwai a ɗakinku: wuta ta fita ta birekarku, ba ta dawo ta cikinta ba, sai ta ga an yi mata sata ta faɗi. Wutar nan kuma ta dawo ta farar da ke jikin birekar yara, wadda ita ba ta aika komai ba, ita ma ta faɗi. Miliamfiya 30 a kan bolt 120 bai kai wat 4 ba. Ƙwan LED mai wat 9 yana jan fiye da ninkin haka, shi ya sa ƙwai ɗaya ya ishe su. Ko sau goma ka canza su a shago, tsugune ba ta ƙare ba.

Wanda ya koyi wayarin a ƙasashenmu ya san 'yar'uwar wannan matsala: a aro nutural daga layin fitilu a ba wani layi, sai na'urar RCD, mai yanke wuta in ta gano yoyo, ta riƙa faɗuwa ba dalili a ido. Ilimin ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne a gidanka ba aro aka yi ba, da gangan aka tsara shi haka.

Abin da ƙa'ida ta ce

Ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, NFPA, ce ke fitar da kundin NEC duk bayan shekara uku, batun AFCI kuma yana sashe na 210.12. Ya fara shiga a bugun 1999, aka ce daga 1 ga Janairun 2002 layukan soket na ɗakunan kwana su samu wannan kariya. Bugun 2002 ya faɗaɗa shi zuwa duk wani wurin ɗibar wuta a ɗakin kwana, wato har fitilar silin, fanka da na'urar gano hayaƙi. Daga Janairun 2008 aka wajabta irin Combination, bugun 2008 kuma ya ƙara falo, ɗakin cin abinci, baranda ta cikin gida, ɗakin ajiye tufafi da makamantansu. Bugun 2014 ya shigo da kicin da wurin wanki.

Gidan da aka gina a shekarun 1980 ba a tilasta masa bin wannan muddin ba a taɓa wayarinsa ba. Abin da ya jawo ka ciki shi ne ƙarin da ka yi. Tun bugun 2011 ƙa'ida ta ce duk layin da aka tsawaita, aka canza ko aka sauya wayarsa a irin waɗannan ɗakuna, dole a ba shi kariyar AFCI, ko dai da bireka a akwati, ko da soket na AFCI a wurin soket na farko na tsohon layin. Akwai rangwame ga ƙarin wayar da bai wuce ƙafa 6 ba, wato mita 1.8, amma da sharaɗin ba a ƙara soket ko wata na'ura ba. Kai ka ƙara soket biyu, don haka rangwamen bai shafe ka ba. Sufeton yana kan daidai.

Sai sharuɗɗan nutural na tarayya, waɗanda su ne nake so ka riƙe ko da ka manta sauran. Na farko yana 210.4(B): dole a samu abin da zai kashe baƙar da jar a lokaci guda daga akwati. Dalilinsa rai ne. Mutum ya kashe birekar ɗakin yara, ya gwada soket ya ga babu wuta, ya kwance haɗin fararen wayoyi hankali kwance, alhali talabijin na aiki a ɗaya ɗakin. Da ya raba haɗin, farar da ke zuwa daga can ta koma bolt 120 a hannunsa. Bireka biyu masu zaman kansu kamar yadda ka sa yanzu, ba tare da mahaɗin hannu ba, sun saɓa wannan sashe ko da ba su faɗi ba.

Na biyu yana 300.13(B): ci gaban nutural ba zai dogara da jikin soket ba. Ma'ana, a duk akwatin bangon da farar tarayya ta ratsa, ba a ɗaura mai shigowa a sukuru ɗaya mai fita a ɗaya sukurun. Ana haɗa su wuri ɗaya da hular waya, a fitar da guntuwar jela zuwa soket, yadda ko an cire soket ɗin nutural bai yanke ba. Ga abin da ake gudu. In farar ta yanke, ɗakunan biyu sun koma jere a kan bolt 240, kuma rabon ba daidai yake ba. A ce hita mai wat 1500 na aiki a ɗaki ɗaya, talabijin mai wat 150 a ɗayan. Turjiyar hita wajen om 10 ce, ta talabijin wajen om 96. Hita za ta samu bolt 22 ko makamancin haka, talabijin ya sha 218. Ƙaramin kaya shi ke ƙonewa. Duk wanda ya taɓa ganin unguwa ta wayi gari da ƙonannun firji da caja saboda nutural ɗin taransifoma ya tsinke ya san wannan, sai dai a nan abin yana faruwa ne a cikin bango ɗaya.

Na uku mai sauƙi ne: a cikin akwatin bireka a ɗaure baƙar, jar da fararsu tare da ɗan maɗauri don mai zuwa bayanka ya gane 'yan gida ɗaya ne, sai dai in daga kebul ɗaya suka fito a fili.

Abu ɗaya da ba zan iya yanke maka daga nan ba shi ne bugun da ake bi a garinku. NEC ba ta zama doka sai jiha ko ƙaramar hukuma ta ɗauke ta, wasu suna kan tsohon bugu, wasu sun yi wa sashen AFCI kwaskwarima. Maganar ofishin da ya ba ka izini ita ce ta ƙarshe, kuma tambayarsu kafin ka kashe kuɗi ba ta da tsada.

Hanyoyin gyara

Hanyar da na fi ba da shawara ita ce bireka ɗaya ta AFCI mai ƙafa biyu, amfiya 15, irin Combination. An ƙera ta ne don wannan yanayi. Baƙar da jar da farar duka suna ratsa ma'auninta tare, saboda haka lissafinta yana cika ko wane ɗaki ke jan wuta. Tana kuma cika sharaɗin kashewa lokaci guda, har ta zarce, domin in ɓangare ɗaya ya faɗi ɗayan ma ya faɗi da kansa. Siemens, Eaton da Square D duk suna yin irinta. Ta fi mai ƙafa ɗaya tsada, ba kowane shago ke ajiye ta ba, wani lokaci sai an yi oda. Aibinta ɗaya: matsala a ɗakin yara za ta jefa ɗakinku cikin duhu. Wannan abin jurewa ne.

Dole ta zama wadda aka amince da ita ga akwatinka. Bireka tana iya shiga gurbi ta zauna daram amma ba ta akwatin ba ce, kuma haƙoranta ba za su kama sandar wuta yadda ya kamata ba. Jerin irin birekokin da aka yarda da su yana kan takardar da ke manne a cikin ƙofar akwatin, sashe na 110.3(B) kuma ya wajabta bin abin da mai ƙera kaya ya rubuta. Kada kuma ka ɗaga ta zuwa amfiya 20 saboda ita ce ka samu a shago. Waya mai lamba 14 tana tafiya da 15, mai lamba 12 ce ke ɗaukar 20.

Hanya ta biyu ta dogara da kamfanin akwatin. Kamfanin GE ya fitar da birekokin AFCI masu ƙafa ɗaya da aka cire musu ma'aunin yoyon nan, kuma takardarsu ta yarda a jera biyu a haɗa hannayensu da mahaɗin da kamfanin ya yi, a yi amfani da su a layi mai nutural na tarayya. Sashe na 240.15(B) ya yarda da mahaɗin hannu a irin wannan layi in duk kayan da ke kansa na bolt 120 ne. Amma wannan sai in takardar ainihin birekar da ke hannunka ta faɗi haka ƙarara, ita ce kuma za ta nuna inda farar za ta shiga. Waɗanda ka sayo sun riga sun nuna maka ba irinsu ba ne. Mahaɗin hannun ma sai na kamfani. Ƙusa ko guntuwar waya da wasu ke zurawa a ramin hannayen ba mahaɗi ba ne.

Hanya ta uku ita ce soket na AFCI, kuma tana da amfani sosai in akwatin gidan tsoho ne da ba a yi masa birekar AFCI ba. Sai a mayar da bireka ta yau da kullum mai ƙafa biyu a akwati, a sa soket na AFCI a wurin soket na farko na ɗakin yara, sauran soket ɗin ɗakin da sababbin biyun su fita daga ɓangarensa mai rubutun Load. Wannan yana aiki ne kawai idan layukan sun rabu tun daga akwatin bango na farko, wato 14/3 ya iso, daga nan 14/2 ɗaya ya nufi ɗakin yara, wani ya nufi ɗakinku, kuma fararen ba su sake haɗuwa a gaba ba. In kuwa 14/3 ɗin ne ke bin bango daga soket zuwa soket, wannan na baƙa wancan na ja, to wannan hanya ta rufe. Soket ɗin kuma dole ya kasance inda hannu ke kaiwa, ba bayan katon kabad ba. Ka kuma lissafa girman akwatin bangon, domin nan mutane ke tuntuɓe. Kowace waya mai lamba 14 tana cin inci-kubik 2. Uku sun shigo, biyu da biyu sun fita, bakwai ke nan. Wayoyin ƙasa a lissafa su ɗaya. Soket ɗin kansa biyu. Goma sau biyu, inci-kubik 20. Ƙaramin akwatin roba mai 18 da aka fi samu a gidaje bai isa ba, sai an canza shi da mai zurfi.

Hanya ta huɗu ita ce a raba auren gaba ɗaya: a ja sabon kebul 14/2 daga akwati zuwa ɗaki ɗaya, a rufe jar wayar da hula a ƙarshenta biyu, kowane ɗaki ya samu nutural nasa da birekarsa mai ƙafa ɗaya, wato waɗanda ka riga ka saya. In akwai hanya ta saman silin ko ta ƙarƙashin gida, wannan shi ne mafi tsafta, kuma abin da ake yi ke nan a sababbin gidaje. In sai an fasa bango, bai cancanci wahalar ba.

Yadda ake sa mai ƙafa biyu

Kafin komai, ka sani ko an kashe babbar bireka, manyan wayoyin da suka shigo daga mita da sukurorinsu suna nan da wuta. Wanda bai saba aiki a buɗaɗɗen akwati ba ya kira mai lasisi, aikin bai fi awa ɗaya ba in babu wata ɓoyayyar matsala.

Ana fara tabbatar da cewa baƙar da jar da farar daga kebul ɗaya suka fito, a bi su da hannu har inda suka shigo. A duba farar da kyau: in robarta ta yi duhu ko ta yi tauri kusa da sukuru, to an taɓa ɗora layukan a ƙafa ɗaya, sai an duba sauran akwatunan bango kafin a ci gaba. Sabuwar bireka tana cin cikakken gurbi biyu, ɗaya a saman ɗaya, wanda a yawancin akwatuna shi ke ba ta ƙafafu daban-daban. Baƙar ta shiga sukuru ɗaya na lodi, jar ta shiga ɗayan, farar layin ta shiga sukurun nutural na birekar, naɗaɗɗiyar farar jelar birekar kuma ta tafi sandar nutural, ita kaɗai a raminta. A wasu sababbin akwatuna babu jela, birekar tana kama sandar da kanta. Tsirarar waya tana nan a sandar ƙasa. A ɗaure sukurori da sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri, daidai lambar da aka rubuta a jikin birekar, domin saki da wuce gona da iri duka suna haifar da irin tartsatsin da ake gudu.

Bayan an kunna, a auna: baƙa da fara 120, ja da fara 120, baƙa da ja 240. In baƙa da ja suka ba da sifili, ƙafa ɗaya suke, a kashe nan take. A ginin haya mai wuta fes uku za ka ga 208 a maimakon 240, kuma a can farar tana ɗaukar kusan abin da kowace ƙafa ke ɗauka, sai an duba ko birekar ta dace da wannan tsari. Daga nan a sa lodi a ɗakunan biyu, a maƙala mitar auna amfiya mai baki a kan farar a ga bambanci take nunawa ba jimilla ba, sannan a danna maɓallin gwaji a ga ta kashe ɗakunan biyu. Sababbin soket ɗin kuma su zama masu ƙofar kariya a ramukansu, masu alamar TR, wanda ƙa'ida ta wajabta a gidaje tun 2008. A ɗakin yara ma ko ba ƙa'ida ya kamata.

Idan ta ci gaba da faɗuwa

Wannan yana faruwa a tsofaffin gidaje fiye da yadda ake zato, kuma kusan kullum birekar gaskiya take faɗa. Lokacin faɗuwar shi ke nuna hanya. In da an ɗora lodi take faɗuwa, nutural ne ya taɓa wayar ƙasa ko ya haɗu da nutural na wani layi na uku. In sai bayan mintoci ko kwanaki, ko sai an kunna wani kaya na musamman, to tartsatsi ne na gaske ko kuma hayaniyar wata na'ura. Yawancin birekokin yanzu suna da 'yar fitila da ke nuna dalilin faɗuwar ƙarshe, fassararta tana cikin takardarsu.

Gwajin nutural ba shi da wuya. A kashe wuta, a zare duk abin da ke jikin soket, a kashe makunnai, a cire farar daga birekar, a auna tsakaninta da sandar ƙasa. Bai kamata mita ta yi ƙara ba. In ta yi, akwai haɗi a wani wuri. Wuraren da na fi samunsa su ne akwatin makunnai mai biyu ko uku a bakin ƙofa, inda layin baranda da na ɗaki suka haɗu wani ya tattara duk fararen ya murɗe a hula ɗaya. Fitilar matakala mai makunni sama da ƙasa. Da bayan soket, inda tsirarar waya ta lanƙwashe ta jingina da farin sukuru lokacin da aka tura shi ciki. Wani lokacin kuma maƙalar kebul ce aka buga da ƙarfi ta ci roba. Ba a buɗe akwatuna ɗaya bayan ɗaya tun daga farko. A kwance haɗi a tsakiyar layin, a sake aunawa a ga wane rabi ne ke da laifi, a sake raba wannan rabin. Layi mai akwati goma sha biyu, buɗewa huɗu ta isa.

A nan a yi hattara da jar waya, domin ba kowace ja ce ƙafa ta biyu ba. A na'urorin gano hayaƙi da aka haɗa su da juna, jar wayar saƙo ce da ke sa su yi ƙara tare, in aka ba ta wuta an lalata su. Tsakanin makunnai biyu masu kunna fitila ɗaya ma ana amfani da 14/3, jar a can matafiya ce kawai.

In nutural ya fita tsaf amma faɗuwar ba ta daina ba, a duba soket ɗin da aka soka wayarsu a ramukan baya maimakon a naɗa a sukuru. Gidajen shekarun 1980 cike suke da su, ɗan ƙarfen da ke riƙe wayar yana sanyi da tsufa, kuma za ka ga baƙin tabo ko narkakkiyar roba a wurin. A yanke ƙarshen wayar, a fere sabo, a mayar kan sukuru, a yi jelar nutural tun da an riga an buɗe. Sannan a gwada kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya: injin zuƙar ƙura mai tsohon burushi, na'urar gudu ta motsa jiki, makunnin rage haske da bai dace da ƙwan LED ba, da igiyar ƙari da ta kwana ƙarƙashin kafet. In kayan da ake zargi ya kayar da wata birekar AFCI a wani ɗaki, laifin nasa ne. In duk wannan bai nuna komai ba, saura gwajin robar waya da mega, wato mitar auna ingancin roba, a bolt 500, bayan an cire na'urorin hayaƙi, makunnan rage haske, ƙwayayen fitila da duk wani abu mai allon lantarki, kuma an raba wayoyin da birekar kanta. Wannan gwaji na mai lasisi ne, shi ne kuma ke tona ƙusar da ta huda kebul a cikin bango.

A naka gidan, Malam, ka fara da karanta takardar ƙofar akwatin ka ga sunan kamfani da irin birekar da ya yarda da ita, ka nemi mai ƙafa biyu ta amfiya 15. Kafin ta iso, ka cire biyun nan, ka mayar da tsofaffin a gurabensu na asali da mahaɗin hannu, farar ta koma sandar nutural, ka tabbatar akwai 240 tsakanin baƙa da ja. Ranar da sufeto zai dawo, ka bar masa akwatin soket na farko a buɗe ya ga jelar nutural da idonsa.